Irin Geron Barnaba

An yi wani mutum a wani gari, ba zan faɗi sunan garin ba don kada wani ya miƙe ya ce na kakansa ne. Sunansa Barnaba. Gonarsa ɗaya, matarsa Rifkatu, 'ya'yansu huɗu. A coci bencin baya yake zama, ba a taɓa ba shi ko addu'ar rufewa ba. Kuma in gaya muku gaskiya, bawan Allahn nan yana da zuciya. Ba ya cikin mutanen kirkin nan masu murmushi kullum.

Abu ɗaya ya iya, ajiye iri. Duk kaka sai ya bi gonarsa ya zaɓi zangarniyar gero mafi tsawo, ya ɗaure, ya rataye saman murhu, hayaƙi ya hana ƙwari taɓawa.

Wata shekara ruwa ya sauka da wuri. Kowa ya saɓi sungumi ya nufi gona. Barnaba ya je ya tona ƙasa da hannu, ya ga danshi bai wuce tsawon yatsa ba, ya koma gida ya zauna.

Ran Lahadi wani dattijon ikkilisiya, Filibus, mai gonaki uku da murya irin tawa, ya miƙe ya ce, "Akwai wani a cikinmu da Allah ya aiko masa ruwa, shi kuwa ya sa yatsa yana auna Allah. Wannan rashin bangaskiya ne." Kowa ya waiga bencin baya. Aka yi dariya. Barnaba ya haɗiye, amma bai manta ba.

To, ku saurara. Ruwa ya ɗauke. Kwana ashirin rana tana dukan ƙasa, tsiro ya ƙone ƙurmus. Da ruwan gaskiya ya zo, babu iri a garin. Na rumbu an cinye, na shuka ya mutu a rami. Gida ɗaya ne kawai ake hango zangarniya tana reto saman murhu.

Da hantsi suka cika ƙofar gidan, kowa da ƙoƙonsa. Kande, wata gwauruwa mai marayu uku, tana can gefe. Filibus yana gaba.

"Ɗan'uwa Barnaba, mun kwana lafiya?"

"Yau na zama ɗan'uwa ke nan, Baba?"

Ya juya ya shiga madafi. Rifkatu ta tare shi, hannunta a ƙugu. "Baban Talatu, kada ka soma. Irin nan gonarmu kawai zai isa. In ka raba, ko kwata ba za mu shuka ba. Me yaran nan za su ci baɗi? Dariyar da aka yi maka za ka tuƙa musu?"

Gaskiya ta faɗa, ya kuma sani. Ya tsaya yana kallon irin, ransa yana tafasa. Ya ce, "Ya Ubangiji, Kai ma Ka ji abin da suka ce da ni. Yanzu Ka turo min su har gida." Sannan ya ce da matarsa, "Ran nan Filibus ya ce ban gaskata Allah ba, ƙarya ya yi. In na rufe ƙofar nan yau, ya faɗi gaskiya ke nan. Miƙo min wuƙa."

Ya yanke igiyar, ya sussuka a gabansu, ya shiga zubawa ƙoƙo-ƙoƙo, fuskarsa a murtuke. Da ya zo kan Filibus, dattijon ya yi gyaran murya ya ce, "Ka san gonakina uku ne."

"Na sani. Ƙoƙonka ɗaya ne."

Na ga wasu sun gyara zama, kuna jira in ce a wannan shekarar Barnaba ya yi arziki. Bai yi ba. Abin da ya rage masa kunya goma sha biyu ya shuka, sauran gonar ta zauna fili. Da lokacin cira ya yi, Kande ce kaɗai ta zo da 'yan tsiron da ta rage daga gonarta, ta dasa masa. Wasu suka kama, wasu suka mutu. Kafin wata kaka ya sayar da akuyarsa, gidan suka sha kwaɗon tafasa har suka gaji, Rifkatu ta yi wata guda ba ta yi masa maganar kirki ba. Amma babu wanda aka binne a gidan, babu kuma a garin.

Ranar godiyar kaka Filibus ya shigo coci da dami mafi girma a kansa, ana tafi, mata suna guɗa. Ya yi doguwar shaida a kan yadda bangaskiyarsa ta cece shi. Sunan Barnaba bai fito daga bakinsa ba. Rifkatu ta yunƙura za ta tashi. Barnaba ya riƙe mata zane.

"Zauna. Dubi tsawon zangarniyar nan. Gerona ne ya isa gaban Allah. Ina ruwana da kan da ya ɗauko shi?"

Yanzu na zo gare ku. Mako uku ke nan da muka ajiye kwando a bakin ƙofar nan, don 'yan'uwanmu da suka gudo daga ƙauyukansu su sami irin shukawa a filin bayan coci. Jiya na leƙa. Mudu ɗaya na masara wadda ƙwari suka riga mu ci, da takalmi ƙafa ɗaya. Ƙafa ɗaya, jama'a. Ku ne kuma ɗazu kuka rera cewa ga Yesu kuke dogara, har da rufe ido.

Kyauta ba zubar da ragowa ba ce. Ita ke nuna wanda ka dogara gare shi, Allah ko rumbu. Wanda ya ba da abin da ba ya bukata, shara ya yi. Wanda ya yanke igiyar irinsa, shi ne ya ce wa Allah, baɗi tana hannunKa.

Kada ku ce na tsame kaina. Buhu biyu na iri ke ɗakina, kwaɗo biyu a ƙofar, makullin yana aljihun rigar nan, tun ɗazu kuke jin ƙararsa in na ɗaga hannu. Ni ne Filibus ɗinku, har muryar. Ruwa ya zauna, kwana bakwai suka rage na shuka. Ana shafa addu'a zan je in buɗe, kuma ba da murmushi zan buɗe ba. Mai amalanke ya biyo ni. Sauranku kun san hanyar gidajenku, kun kuma san abin da ke rataye saman murhunku.