Dayod Biyu da Ƙwan Zabi

Akwai wani manomi da yake kiwon zabi, yana da injin ƙyanƙyasa. Ku da kuka san zabuwa, kun san sai da damina take ƙwai, kuma ba ta da haƙurin kwanci. Injin kuwa da batir yake aiki in an ɗauke wuta.

Wata rana cajar batirin ta lalace. Da ya buɗe, ya ga dayod ne ya ƙone, wani ɗan baƙin abu kamar ƙwayar wake mai farin zobe. Aikinsa ɗaya ne: ya bar wuta ta shiga batir, ya hana ta komowa.

Mutumin nan akwai gaggawa. Ya ciro wani dayod daga tsohuwar rediyo, ya gwada da mita, wato na'urar awon wuta, ya ga wuta tana wucewa. Ya ce, "Ai duk ɗaya ne." Ya liƙa, ya jera ƙwai, ya tafi gona.

Ashe duk lokacin da aka ɗauke wuta, abin da batir ya tara sai ya riƙa zurarewa baya. Injin ya huce, ƙwai duka suka zama baragurbi. Wari ya cika gida, baƙin ciki ya cika mutumin.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka haƙura. Damina ta kusa wucewa, mu soya sauran ƙwan da ba ka sa a inji ba mu huta."

Ya ce, "Uwargida, ko ɗaya ba za a soya ba. Sai na ji kukan 'yan zabi a gidan nan kafin kaka."

Ya taka har kasuwar gari, ya sayo dayod mai kaurin ƙafafu wanda aka yi domin wuta mai nauyi. Wannan karon ya zauna a tabarma, ya ajiye biyun gefe da gefe. Ya gwada su ta gaba, dukansu suka buɗe hanya. Sai ya juya wayoyin mita. Sabon ya tsaya ƙyam, bai bar komai ya wuce ba. Na rediyon kuwa, ta baya ma a buɗe yake.

Ya riƙe kai, ya dubi dayod ɗin rediyon ya ce, "Tambaya ɗaya na yi maka, alhali biyu ne."

Ya sa sabon, ya jera ƙwan ƙarshe na shekarar. Aka yi ta ɗauke wuta, ɗumi bai gushe ba. Ran da ya fara yankan gero, matarsa ta biyo shi gona da gudu, da ɗan zabo a tafin hannunta.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Wutar ita ce Maganar Allah, dayod kuwa zuciyarka ce. Ranar Lahadi dukanmu kama ɗaya muke, kowa ya buɗe, kowa ya ce amin. Amma ran Litinin za a juya wayoyin. Fushi zai turo, kwaɗayi zai turo, abokai za su ce, "Sau ɗaya kawai." A nan ake sanin wanda yake riƙe abin da ya karɓa. Ƙwan nan kuma 'ya'yanka ne da duk masu jin ɗumin bangaskiyarka. In ka zurare, su ne za su huce.

Manomin ya sami sauran damina. Kai ba ka san taka saura nawa ba. Ka gwada zuciyarka ta baya tun yau.