Rariyar Mai Bene

Akwai wani mai gidan haya da ake kira Mai Bene, mutum mai ji da kai. Benensa hawa biyu ne, shaguna a ƙasa, ɗakuna a sama, shi kuwa yana can wata unguwa. Ya kafa wa 'yan hayarsa doka: ba kira, ba sallama a ƙofarsa. Mai magana ya turo imel.

Sai akwatin imel ɗin ya cika da tarkace: masu tallan maganin ƙiba, masu cewa ya ci caca. Ya zauna ya kafa wa akwatin rariya, duk saƙon talla ya zarce wani lungu da ya sa wa suna Shara. Da ya ga abin ya yi daɗi, sai ya zuba adireshin 'yan hayan ma a ciki.

Matarsa ta leƙo ta kafaɗarsa. "Maigida, har da Baba Tela na shagon ƙasa? Wannan ai ka tace tsakuwa ka zubar da tsaba."

"Tsabar me? Yau famfo, gobe kwata. Su ma talla suke yi, tallan tsiya."

Akwati ya yi fes, Mai Bene ya samu barci.

Ana gab da damina aka yi wa mijin autarsa canjin wurin aiki zuwa garin, sai Mai Bene ya ba su ɗakin saman benen da ya daɗe ba kowa. Auta ta tare da jaririnta.

"Baba, gidan nan shiru ya yi yawa," ta ce masa a waya. "Shaguna duk a kulle."

"Kin huta da surutu ke nan."

Wata rana da la'asar, ana tafka ruwa, yana neman saƙon asibiti da ya ɓace masa, ya ce bari ya duba Shara. Tsakanin masu maganin ƙiba sai ga sunan Baba Tela, jere reras, kowane saƙo da hoto.

Hoton farko, tsaga ce kamar zare a jikin ginshiƙin cikin shago. Na gaba, almakashi ya shige cikinta. Na gaba, hannun tsohon har wuyan hannu. Saƙon ƙarshe gajere ne: "Mun kwashe duka. Don girman Allah kada ka sa kowa a sama."

Nan take ya kira Auta.

"Baba, dama zan kira ka. Ƙofa ta ƙi buɗuwa tun safe, kuma ƙasa na zubowa kan gadon yaro."

"Ɗauki yaron ki tsaya jikin taga! Kada ki motsa!"

Ko takalmi bai sa ba ya fita a guje. Ya iske maƙwabta sun kafa tsani, sun sauko da jaririn. Auta na tsakiyar tsanin sai ginin ya yi wani nishi, ya durƙusa.

Ta rayu, amma ƙafar hagu ba ta koma daidai ba. Har yau in ta zo gaishe shi, tun daga zaure yake jin takunta, ɗaya da ƙarfi, ɗaya a ja. Sai kunya ta sa ya kife wayarsa.

Darasi: Tace talla ba laifi ba ne, amma mutumin da ke da haƙƙi a kanka ba shara ba ne. Wanda ya toshe kunnensa daga ƙorafi, da kukan gidansa za a buɗe masa shi. Ku leƙa naku lungun yau, ku kuma tura wa wanda ya yi girman da ba ya jin kira.