Kurege da Kindirmon Gahawa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, ko? To, ku gyara zama.

A can da, lokacin da ake barin ƙwarya a bakin ƙofa a dawo a tarar da ita, an yi wata tsohuwar Bushiya a gindin tsamiya. Ba ta da gona, ba ta da rumbu. Abin da ta gada a wurin uwarta ludayi ɗaya ne na irin kindirmo, ita ma uwar a wurin tata uwar ta gada.

Kullum Saniya maƙwabciyarta takan ba ta madara, sai Bushiya ta tafasa, ta bari ta huce har yatsa ya jure, ta zuba iri, ta rufe da faifai, ta lulluɓe da tsumma. In ya kwana ya kama, kafin kowa ya taɓa sai ta ɗebi ludayi ɗaya ta ajiye don na gobe. In ta kai kindirmon nan baki, sai ta ga ɗakin Innarta, ta ji ƙamshin hayaƙin kara, ta ji muryar da ke cewa, "Zo ki suɗe ƙwarya, 'yar ƙaya."

Ana nan, ana nan, sai damina ta kawo kai, Shamuwa ta dawo daga gabas da ƙullin tsaraba.

"Yaya Bushiya, ga gahawa. Mutanen can suna soyawa, su daka, su dafa, su sha. Amma kaɗan ake sha, don tana korar barci."

Bushiya ta shinshina. Ta ce, "Ƙamshin nan da kindirmon Inna ya dace."

Ta soya, ta daka, ta dafa, ta tace. Ta tafasa madara, ta juye ruwan gahawa a ciki har ta yi kalar ƙasa. Ta bari ta huce, ta zuba irinta kaf, ta rufe, ta lulluɓe.

Ashe ƙamshi ya kai ramin Kurege.

Da safe Bushiya ta leƙa, ta ga ya kama. Ta ce bari ta ɗebo ruwa ta wanke ludayi tukuna. Tana juya baya, Kurege ya faɗo. Ya ce lasa ɗaya. Ya lasa. Ya ce ai wannan ba ta zauna ba, lasa ɗaya. Lasa ɗaya, lasa ɗaya, har ƙwarya ta fi wankakkiya haske.

Bushiya ta dawo, ta ɗaga faifai. Ta sa yatsa ta zaga gindin ƙwarya, babu ko ɗigo. Ta zauna daɓas.

Shamuwa ta ce, "Haba Yaya, a roƙo miki iri a maƙwabta mana."

"Na maƙwabta nono ne kawai. Wannan Inna ce a ciki."

Bushiya ta sake shinshina ƙwarya. Can ta ce, "Kin ce abin nan yana korar barci?"

"Kofi ɗaya ma."

"To, ƙwarya guda fa? Mu jira azahar."

Rana ta take, dabbobi suka taru a inuwar tsamiya kamar kullum. Saniya ta lumshe ido. Jaki ya fara minshari. Bushiya ta dunƙule, amma ta bar ido ɗaya a waje.

Kurege, wanda ya saba riga kowa barci, ya kwanta ta dama, ya juya ta hagu, ya tashi tsaye. Ya hau tsamiya, ya sauko. Ya ƙirga ƙudajen da ke bayan Jaki, ya ce bai yarda da lissafin ba, ya sake. Wutsiyarsa sai rawa take yi ita kaɗai.

Bushiya ta ce, "Kurege, lafiya?"

"Lafiya lau, Gwaggo, lafiya ƙalau, me kika gani, ai ni barci nake yi, kin ga ma na yi nisa, wai tsamiyar nan shekararta nawa, kin san Jaki ƙuda tamanin da uku gare shi?"

"Rufe idonka mu gani."

Ya rufe na dama, na hagu ya buɗe. Ya danne duka biyu da hannu, suka tsallake ta tsakanin yatsu.

Caraf, Shamuwa ta cafke wutsiyarsa da dogon bakinta, ta buɗe fiffike. Bushiya ta ce, "Kai shi gabas ɗin, tunda yana son abincinsu."

Kurege yana reto ya ce, "Gwaggo, tsaya! In na tafi, wa zai nuna miki inda na ɓoye miki iri?"

Kun dai san Kurege, ko gyaɗa ɗaya ya sata sai ya binne rabi don gobe. Ashe ya cika ɗan ƙoƙo ya turbuɗe a ƙasa mai sanyi.

"Ka ɓoye mini?"

"Wallahi, Gwaggo. Na ga kin bar gadon Inna a fili, gari kuwa cike da ɓarayi."

"Sauran fa?"

"Shi ma na ɓoye. Wurin ne dai ba ya tonuwa."

Dariya ta kusa kuɓuce wa Shamuwa, da ita da wutsiyar. Suka tasa shi gaba, ya tono ƙoƙo. Ludayi ɗaya ne cif.

Bushiya ta tafasa madara zalla, ta bari ta huce, ta zuba, ta rufe, ta lulluɓe. Ta ce, "Tunda barci ya ƙi ka, kai ne mai gadi. Ke kuma riƙe min wutsiyarsa."

Washegari ta ɗaga faifai. Ya kama. Ta fara cire ludayin gobe, sannan ta ɗanɗana. Ga ɗakin, ga hayaƙin kara, ga muryar. Amma can ƙarshen harshe akwai wani ɗan ɗaci mai ƙamshi da ba ta sani ba a da.

Shamuwa ta tambaya ta hanci, "Yaya?"

Bushiya ta share ido. Ta ce, "Inna ta dawo. Baƙo dai ta taho da shi."

Sai ta tura wa Kurege ƙwarya, ta ce, "Zo ka suɗe, ɗan banza."

Shi ya sa har yau in kun haɗu da Kurege a hanya, za ku gan shi tsaye cak, ido waje, wutsiya na rawa. Gahawar ce ba ta sake shi ba.

Ƙurunƙus, kan kurege a cikin ƙwarya. Wanda zai saci abin da bai sani ba, ya fara tambayar mai shi ko ana barci bayan an sha.