Kwamfutar Si Bushaib da Shayin Safe

Akwai wani dattijo a unguwar Hay Muhammadi ta birnin Kasablanka, sunansa Si Bushaib. Sana'arsa rubuta wa mutane takardun koke da na neman aiki. Tun da gwiwa ta fara damunsa ya kwaso aikin daga bakin kotu ya dawo da shi gida, matarsa Lalla Rakiya ta share masa kusurwar falo ta ajiye masa tebur.

Kwamfutar da yake aikin da ita kuwa, sai dai a ce Allah ya ba mai ita haƙuri. Idan ya danna mata maɓalli da safe, sai ta yi ta gurnani kamar wadda aka tasa daga barci ba ta so. Kafin ta gama buɗe ido mutum zai dafa shayi ya sha, har ya wanke kofi.

Haka kuwa ake yi a gidan. Si Bushaib zai kunna ta, ya ja tsaki, ya ce bari ya je ya rage lokaci, sai ga shi a kicin. Shi ke haɗa shayin da kansa. Ya cusa na'ana'a a buta, ya ɗaga hannu sama yana tsiyayawa har kumfa ta taso a kofi. Lalla Rakiya na gefe tana juya gurasa a kasko, suna hirar jikoki da tsadar kifi, da 'yar gulmar maƙwabta kaɗan.

Wannan ɗan zaman shi ne rabonta da mijinta a yini. Da hantsi ya yi masu takardu za su fara ƙwanƙwasa ƙofa, shi ke nan kuma. Si Bushaib ba ya cikin mazan da ke iya cewa mace zo mu zauna, bakinsa nauyi gare shi a wannan fanni. Ita kuwa tana son zaman nan har cikin ranta, don haka a ɓoye take yi wa tsohuwar kwamfutar fatan ƙarin nawa.

'Yarsu Nuhaila tana da rumfar gyaran kwamfuta a kasuwar Darb Gallaf. Ta daɗe tana roƙon uban ya bari ta sauya masa ma'ajiyar ciki. Ta yi masa bayani cewa tasa tsohon faifai ne mai juyawa, sabuwar kuma da suke kira SSD babu abin da ke motsi a cikinta, shi ya sa take da sauri. Kullum sai ya ce kwamfutarsa lafiyarta ƙalau, kada wanda ya taɓa masa kaya.

Wata Juma'a bayan an ci kuskus, Nuhaila ta kasa kunne ta ji faifan yana wani ƙas-ƙas. Ta ja uwar zuwa kicin.

"Mama, faifan nan ya kusa mutuwa. Ranar da ya tsaya, takardun mutane duk sun tafi. Ni ba ya jin maganata, ke kaɗai yake shakka."

"In kin sauya, za ta riƙa tashi da wuri ke nan?"

"Kafin Baba ya gyara zaman tabarau ta tashi."

Lalla Rakiya ta auna abin a ranta. Ta san abin da za ta rasa, kuma da ta ce a ƙyale shi da kayansa, babu wanda zai zarge ta. Amma ta tuna maƙwabciyarsu da miji ya mutu ya bari, wadda koken fanshonta ke cikin kwamfutar nan. Ta tuna yadda mijinta zai ji kunya idan ya ce wa mutane aikinsu ya ɓata a hannunsa.

Da yamma ta same shi ta ce ya bar yarinya ta yi aikinta. Sai ya ce tunda ita ta ce, to.

Washegari Nuhaila ta zo da 'yar jakarta. Ta jona sabuwar ma'ajiyar da waya a gefe, ta kwafe komai a kanta: tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, da takardun mutane, har hoton jikokin da ke kan fuska. Uban yana tsaye a kanta yana kashedin kada ta gusar masa da ko ɗigo. Da kwafin ya kammala ta kwance bayan kwamfutar, ta zare tsohon faifan ta sa sabon. Tsohon faifan kuwa ta naɗe shi a hankici ta ba uwar, ta ce a adana har a tabbatar komai ya zauna.

Da safe Si Bushaib ya danna maɓalli. Bai gama jan tsakinsa ba jikoki suka bayyana suna yi masa dariya. Ya dafa tebur zai tashi, sai ya koma ya zauna.

Ranar Lalla Rakiya ce ta haɗa shayi, kuma bai yi kumfa ba. Ta kai masa har tebur, ya yi godiya kansa a sunkuye. Haka aka kwana biyu ana yi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ta daure, don ita ta ba da goyon baya kuma ba ta yi nadama ba.

Wata safiya tana wanke na'ana'a ta ji ƙarar kunna kwamfuta, sai kuma ta ji jan silifa yana nufo kicin. Ta juya ta gan shi a bakin ƙofa.

"Si Bushaib, ai ta tashi."

"Na gani. Shekara da shekaru ina jiranta, yau ita ma ta jira ni."

Ya karɓi butar daga hannunta, ya ɗanɗana, ya ce wannan ruwan zafi ne kawai aka ɓata wa suna. Ya sake haɗawa. Yana tsiyayawa idonsa na kan kofi, bai yarda ya kalle ta ba.

"Kin ɗauka ban san yarinyar nan na da gaskiya ba? Tun bara nake jin ƙas-ƙas ɗin nan. Na ce a raina, in kwamfutar ta yi sauri, da wane dalili zan riƙa shigowa kicin ɗinki?"

"Tsoho da kai, sai an nemo maka dalili kafin ka zauna da matarka?"

Ta yi dariya tana goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin kasko ne. Gurasar ranar ta ɗan ƙone, kuma su biyun suka cinye ta tas.

Darasi: Idan ka fifita alherin wanda kake so a kan jin daɗinka, Allah ba ya barin ka da asara. Kai kuma da bakinka ke da nauyi, kada ka jira wani uzuri kafin ka zauna da naka, tashi ka je yanzu. Ku tura wa wanda kuke marmarin shan shayi tare da shi, ku kuma yaɗa don wasu su amfana.