Firizar Naira Dubu Huɗu da Ɗari Uku

Ya 'yan uwa, a garin nan namu an yi wani mutum. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye kuma yana da 'ya'ya. Shafin da ya cinye shi ma ba zan ambata ba, don ban zo yi wa ɓarayi talla ba.

Mazaunin Unguwar Kanawa ne, yana aiki a wata ma'aikata da ke Doka, a sashen kula da kayan gwamnati. Ba mai kuɗi ba ne. Dukiyarsa duka a bakinsa take. In ya ce abu ya faru, to ya faru, ba a sake tambaya. Shi ake kira shaida in za a yi cinikin fili. Ranar da limamin masallacin ofis bai zo ba, shi ake turawa gaba. Shekara goma sha tara ya yi yana gina wannan suna.

Aikinsa ya sa ya san gwanjo. Duk sa'ad da za a sayar da tsofaffin motoci da kujerun ma'aikata, yana wurin da takarda a hannu. Ya san ƙa'idar: kowa ya taya, wanda ya fi kowa ya biya ya ɗauki kaya, sauran su koma gida da kuɗinsu a aljihu. Don haka ranar da talla ta faɗo masa a waya, cewa wani shafi yana gwanjon sababbin kaya a arha, bai ji tsoro ba. Ya ce a ransa ai wannan sana'arsa ce. In ma za a cuci wani, ba shi ba.

Amma wannan ba gwanjon da ya sani ba ne. A nan tayin da kansa ake saya. Kowane tayi naira ɗari biyu, ka biya tun kafin ka shiga. Ka danna sau ɗaya, farashin kaya ya ƙaru da naira ɗaya tak, agogo ya koma daƙiƙa ashirin ya fara sauka. Wanda ya yi dannan ƙarshe lokacin da agogo ya ƙare, shi ke da kaya. Sauran kuma? Abin da suka danna ya tafi, ba ya dawowa.

Ku gaya mini, a wace kasuwa ake biyan kuɗin taya kaya? Wane ɗan kasuwa ne zai ce ba ni ɗari biyu kafin in saurari farashinka, in kuma ban sayar maka ba na ci? Mutane dubu su zuba kuɗi, ɗaya ya ɗauka, sauran su tashi hannu banza. Mun san sunan wannan tun muna makarantar allo. Caca ce. An yi mata wanka, an sa mata riga, an kira ta gwanjo.

A satin farko ya ci butar dafa ruwa ta lantarki a naira ɗari da tara. Aka kawo masa har ofis. Bai tsaya ya lissafa tayin da ya ƙona kafin ya ci ta ba. Ya ɗauka iyawarsa ce. Tsaba ce aka watsa wa kaza.

Daga nan idonsa ya sauka a kan wata firiza mai aiki da hasken rana. Matarsa Harira ta daɗe tana son irinta, saboda halin wutarmu da kuka sani. Ya ce mata ta sha kuruminta, firiza na nan tafe kafin wata ya mutu. Ita kuma ta gaya wa maƙwabta, don mijinta bai taɓa cewa abu na tafe ya ƙi zuwa ba.

Ya shiga danna. Fayil a buɗe a gabansa, waya a ƙarƙashin tebur. Agogo ya sauko uku, biyu, sai wani ya danna, ya koma ashirin. A kira azahar, ya tsaya a sahu da waya a aljihu, goshinsa a ƙasa, zuciyarsa tana ƙirga daƙiƙa. Wata rana shi ya ja sallar, har mutane suka yi mamakin saurinsa. Ana sallamewa hannunsa ya riga tasbihi shiga aljihu.

Albashi ya tafi. Na wata mai bi ma ya bi shi.

Kuma kada wani ya ce mini bai gane ba. Ya gane. Ya lura akwai wasu sunaye huɗu ko biyar da kullum su ke faɗowa a daƙiƙa biyun ƙarshe, da safe, da rana, ranar Juma'a ana huɗuba. Wane ɗan Adam ne ba ya cin abinci, ba ya shiga bayi, ba ya gajiya? Shi da ya sha korar 'yan kore a wurin gwanjon motoci, masu taya kaya ba don su saya ba sai don farashi ya hau, ya san su in ya gan su. Bambancin kawai, waɗannan ba su da fuska.

Nan ne ƙofar tuba take, a buɗe. Ya je gida ya ce, Harira, an cuce ni, ni ma na cuci kaina. Za ta yi kuka, ta yi fushin kwana biyu, magana ta mutu. Amma ya ga girmansa ya fi ƙarfin wannan. Mutumin da ya san gwanjo, a ce gwanjo ya ci shi?

Sai ya aika ƙauyensu aka sayar da bijimai biyu da ake yi masa kiwo. Ya tafi kasuwa shagon wani mai kayan lantarki da ake kira Isa, ya sayi irin firizar nan sak, naira dubu ɗari bakwai da hamsin. Ya sa aka sauke ta a ƙofar gida bayan la'asar, lokacin da layin ya cika da mutane. Da aka tambaye shi nawa, ya ce dubu huɗu da ɗari uku, a gwanjon waya. Ya tsaya a gefenta aka ɗauke shi hoto.

Ko da a ce gaskiya ce, ku yi lissafin da kanku. Kayan da ya kai dubu huɗu da ɗari uku a shafin nan, an danna sau dubu huɗu da ɗari uku ke nan. Kowane danna ɗari biyu. Naira dubu ɗari takwas da sittin suka shiga aljihun masu shafi, daga aljihun mutanen da ba su ga ko marfin firiza ba. Ina arhar take? Mu da muke taƙama mun yi boko, wannan ɗan lissafin ne ya gagare mu?

Hoton ya shiga zauren WhatsApp na ma'aikata. Kafin a tashi aiki washegari mutum goma sha ɗaya sun zo ya nuna musu yadda ake yi. Ba shafin suka yarda da shi ba. Shi suka yarda da shi. Ga kuma abin da bai gaya musu ba: duk wanda ya shiga da lambarsa ta gayyata, shafin yana ba shi tayi hamsin kyauta. Ya ce a ransa da waɗannan zai mayar da bijimansa.

Cikin masu zuwa akwai Safara'u, wata dattijuwa mai sharar ofishinsu. Mijinta direba ne a ma'aikatar, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Tana da naira dubu ɗari biyu da tamanin, ragowar haƙƙin marigayin, tana ajiye da su don ta haɗa ta sayi firiza ta riƙa sayar da zoɓo da kunun aya. Ta ajiye tsintsiya a bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaishe shi.

Ta ce, "Yallaɓai, ni ban iya Turanci ba. Abu ɗaya nake so in ji daga bakinka. Gaskiya ne?"

Ya ce, "Ke ma ai kin ga hoton."

"Hoto daban, bakinka daban, Yallaɓai."

Ya ce, "Gaskiya ne."

Da hannunsa ya karɓi wayarta ya buɗe mata. Da yatsansa ya danna mata akwatin da ke cewa ta karanta sharuɗɗa ta amince. Ya samu tayinsa hamsin, ya ƙona su kafin azahar.

Kwana tara kuɗin marayun suka yi. Ana ganin ta a lungun matakala, bokiti a gefe, tana danna waya tana salati.

Sai ƙorafi ya tashi, don ba ita kaɗai ba ce. Aka kira lambar shafin, wata murya ta ce a jira, aka yi ta jira har katin waya ya ƙare. Wani ya sa ƙaninsa da ke Legas ya nemi adireshin da suka rubuta, ya tarar da shagon aski. Suka rubuta takarda suka kai inda ake kai kukan masu saye. Jami'in ya karɓa, ya ce za a bincika, sannan ya buɗe sharuɗɗan ya karanta musu: tayin da aka saya ba a mayar da kuɗinsa, kuma abin da aka biya kuɗin nishaɗi ne. Nishaɗi! Ya tambaye su wa ya danna amincewa. Kowa ya sunkuyar da kai. Duk da haka ba wanda ya zargi mutumin nan. Cewa suke yi shi Allah ya ba shi sa'a, su bai ba su ba.

Wata Asabar firizar ta daina sanyi. Harira ta leƙa bayanta, ta ga wata 'yar takarda a manne da lambar waya, ta kira. Mutumin ya dawo daga sallar la'asar ya tarar da Isa a tsakar gidansa, ya kwance bayan firiza. Ga maƙwabta mata biyu a kan tabarma. Ga Safara'u, ta zo roƙon ko zai sa baki a mayar mata da ko rabi.

Isa ya ɗago yana dariya ya ce, "Yallaɓai, kada ka damu, wayar wuta ce ta saki. Mai ba ni dubu ɗari bakwai da hamsin a dunƙule ai ba na karɓar kuɗin gyara a hannunsa."

Harira ta ce, "Malam, ka yi kuskuren gida. Wannan a gwanjo Baban Sumayya ya ci ta."

"Gwanjo kuma, Hajiya? Ni na ɗora ta a mota da hannuna. Har ragin dubu goma na yi masa."

Harira ta dubi mijinta tana jiran ya ƙaryata, ya kasa ɗaga ido. Safara'u ta miƙe ta gyara mayafinta. Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Na tambaye ka, Yallaɓai."

Ta sa takalmanta ta fita.

Kafin Litinin labari ya riga shi zuwa ofis. Ba a kore shi ba, don ba kayan gwamnati ya taɓa ba. Sai dai in ya shigo hira ta mutu. Ranar da liman bai zo ba, aka tsallake shi aka tura masinja gaba, shi kuma ya tsaya a bayansa. A unguwa aka daina faɗin sunansa, sai dai a ce mai firiza.

Da a nan abin ya tsaya, sai mu ce da sauƙi.

Yana da ƙane mai suna Nuhu wanda ya rasu ya bar 'ya'ya uku da fili guda a Katabu. Irin cinikin da ne, na amana, takardar hannu ce kawai, ita ma ruwa ya ci ta. Shaidu biyu aka yi, ɗaya ya mutu, saura shi. Da Katabu ta fara cika fili ya yi daraja, sai ɗan wanda ya sayar ya tashi ya ce ubansa bai taɓa sayarwa ba, aro ya bayar. Aka taru a zauren mai unguwa. Mutumin nan ya tashi ya faɗi ranar ciniki, ya faɗi kuɗin, ya faɗi bishiyar da aka tsaya a ƙarƙashinta. Wallahi duk gaskiya ya faɗa.

Abokin shari'ar bai ko yi musu ba. Ya juya ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba shi ne mai firizar dubu huɗu ba?"

Wasu suka yi dariya. Mai unguwa bai yi ba. Sai ya ce, "Malam, akwai wani mai shaida ban da kai?"

Babu. Yau an zagaye filin da bulo, wani ne ke gini a kai. Matar Nuhu tana haya a ɗaki ɗaya da 'ya'yanta.

Ya 'yan uwa, caca ta ci kuɗinsa, wannan ƙaramar asara ce. Ƙarya ta zo rufe caca, shaidar zur ta zo rufe ƙarya, kuma ranar da marayun gidansu suka buƙaci gaskiyarsa, ta fito daga bakin da ba ya da daraja.

Kuma ban wanke mu ba. Mutum nawa ne a zauren nan na ma'aikata suka ga hoton, suka san lissafin bai fita ba, suka yi shiru wai kada a ce suna hassada? Manya nawa ne aka tambaya suka ce ai zamani ne, yara ne suka san waya? Ba uzuri ba ne. In ɗanka ya shigo da kwalba ba za ka ce zamani ne ba. Allah ya haɗa giya da caca a hani guda. Don me muke gudun ɗaya, muna tura wa juna ɗayar da safe tare da addu'ar barka da Juma'a?

Ga ma'auni, ba sai ka je jami'a ba. Duk inda za ka biya kuɗi, kuma mai yiwuwa ka tashi ba kaya ba kuɗi, ba ciniki ba ne. Fita. In ka riga ka shiga, ka faɗa wa iyalinka yau, da bakinka, kafin wani ya faɗa musu a tsakar gidanka. In ka jawo wani, ka neme shi ka gaya masa gaskiya, ka biya abin da za ka iya. Wanda ke da lambar gayyata a wayarsa yanzu, ya sani mutuncinsa yake sayarwa, tayi hamsin kowane kai.

Allah ya tsare mana harsunanmu da yatsunmu. Allah ya saka wa marayun da aka ci haƙƙinsu, ya ba wannan bawa nasa ikon tuba tun yana numfashi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu daga haram ko da wane suna ta zo. Amin.