Yanyawa da Kwallin da Ruwa Ba Ya Ci

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ta yi tsawo mu datse mata wutsiya.

Wata shekara kaka ta yi kyau, aure ya yi yawa a daji. Yanyawa kuwa, 'yar ƙaramar nan mai manyan kunnuwa, ba ta noma, ba ta farauta. Fuska biyu gare ta, da su take ci. In ta ji kiɗa, sai ta rangaɗa kwalli, ta shiga cikin ƙawayen amarya, ta ci waina. In ta ji kuka, sai ta wanke fuska tas, ta yi lulluɓi, ta shiga cikin masu zaman makoki, ta ci gumba.

Abin da ke damunta ɗaya ne, kwallin na aro ne, na maƙwabciyarta Zabuwa. Kafin ta roƙa, kafin ta saka, kafin ta gyara inda hannu ya goce, an kwashe waina, sai ƙanzo.

"Ido naki, kwalli nawa," in ji Zabuwa kullum. "Ko idon ma aro ne?"

Ana nan sai Beguwa ta dawo daga yawon duniya da sabuwar sana'a. Takan zare kibiya ɗaya daga bayanta, ta tsoma a baƙin tukunya, ta bi gefen ido tana tsirawa kaɗan-kaɗan har baƙin ya zauna cikin fata.

"Kwalliyar sau ɗaya!" take shela. "Ruwa ba ya ci, gumi ba ya ci, kuka ba ya ci!"

Yanyawa ce ta fara zuwa.

Beguwa ta ce, "Ƙanwata, ki ji da kyau. Ni sakawa na iya, ban iya cirewa ba."

"Wa ya ce miki cirewa na zo nema? Ja min har kusa da kunne."

Aka ja mata har kusa da kunne. Ta sha zafi, ta yi kwanaki da kumburi, amma da ya saɓe sai ga ido kamar na amarya. Daga ranar, da kwalliyarta take tashi daga barci. Kafin makaɗi ya ɗaure kalangu tana ƙofar gidan biki. Ta ci wainar farko, ta ci ta tsakiya, ta yi ƙunshi da ta ƙarshe. In ta wuce Zabuwa sai ta ce, "Riƙe tandunki, ki jiƙa ki sha."

Bazara ta zo, rumbuna suka yi ƙasa, kiɗa ya ɗauke. Yanyawa ta fara ramewa, idon dai yana nan da kyansa. Sai labari ya iso cewa Kure, ƙanen Kura, ya mutu a wajen fatauci, ya bar garken awaki. Yanyawa ta ruga rafi ta wanke fuskar makoki. Ta wanke, ta leƙa ruwa. Ta sake wankewa, ta sake leƙawa. Sannan ta tuna.

Ta ja lulluɓi har haɓa, ta faɗa gidan Kura tana birgima.

"Wayyo Yaya! Ni ce matar da ya aura a can. Ya bar ni, Yaya, ya bar ni!"

Kura ba ta taɓa jin zancen auren ba. Amma gida cike yake da 'yan gaisuwa, kuma kowa ya san mai takaba dangin miji ke ciyar da ita. Ta dubi awakin da ta riga ta ƙirga a zuci a matsayin nata, ta haɗiye miyau, ta sa aka yanka ɗaya.

Yanyawa ta ci a ƙarƙashin lulluɓi. Aka yanka ta biyu, ta ci a ƙarƙashin lulluɓi. A ta uku ne ta samu ƙashi mai ɓargo. Ta ɗaga kai ta zuƙe shi, lulluɓi ya zame.

Kowa ya zuba mata ido.

"Amarya," in ji Kura a hankali, "wace irin takaba ce wannan da kwalli rangaɗau? A kawo ruwa."

Aka wanke da sabulu, bai fita ba. Aka goga toka, bai fita ba. Aka jiƙa tsamiya, bai fita ba.

Kura ta miƙe tana duba faratanta. "To. In kwalli ya ƙi barin fata, sai fata ta bar fuska."

Yanyawa dai bakinta bai mutu ba.

"Kwalli? Jama'a, kun taɓa ganin kwallin da ya gagari tsamiya? Kuka ne ya ƙona ni. Haka hawaye ke yi wa wanda ya so mamaci da gaske." Ta juya ta ƙura wa Kura ido. "Ni da na zauna da shi ɗan lokaci ke nan. Ke da kuka sha nono ɗaya, Yaya, mu ga naki."

'Yan gaisuwa suka juya gaba ɗaya. Idon Kura fes, ko ja bai yi ba. Wani daga baya ya yi gyaran murya, ya ce awakin dai suna da ƙiba.

Kura ta ja Yanyawa bayan ɗaki. "Ke, yaya ake yi ido ya ƙone da sauri?"

"Akwai mai taimaka wa hawaye, Yaya. Beguwa."

Kura ta sulale ta ƙofar baya ta tafi wurin Beguwa. Sai dai ita jarumar cizo ce, ba jarumar sukar kibiya ba. Kibiya na taɓa ta, ta zabura, baƙi ya sauka a hanci. Aka sake, ta yi tsalle, ya sauka a wuya. Aka sake, ta yi birgima, ya sauka a gadon baya. Kafin a gama, bakinta ya yi baƙi ƙirin, jikinta duk ɗigo-ɗigo, kamar yadda kuke ganinta har yau.

A hanyar dawowa ta gane komai. Ta kuma gane in ta tona Yanyawa, ta tona kanta. Sai ta shiga gida tana ɗingishi, ta tsaya a tsakiyar jama'a.

"Kun ga yadda baƙin ciki ya yi da ni, har gadon baya. Amma wannan baiwar Allah ta fi ni. Ku zama shaida, ba za ta fita takaba ba sai ranar da idonta ya washe. Kada wanda ya wahalar da ita da gayyar biki. Abincinta kuwa yana wuyana."

Jama'a suka yi ta sa albarka. Tun daga ranar Kura ba ta fasa aika mata abinci ba: ƙashin da ta riga ta zuƙe.

Kaka ta zagayo, kalangu ya tashi. Yanyawa ta lallaɓa ƙofar gidan biki, ta tarar Zabuwa ce ke rabon waina. Zabuwa ta leƙa idonta, ta girgiza kai cikin tausayi.

"Ayya, bai washe ba tukuna. Koma gida, Allah ya ƙara haƙuri."

Yanyawa ta zarce wurin Beguwa, ta durƙusa. Beguwa ko ɗaga kai ba ta yi ba, tana fiƙe kibiya.

"Ƙanwata, ni sakawa na iya. In ƙara miki ne?"

Ƙurunƙus kan beguwa, mai shafawa ya shafa a hankali. Wadda duk ke ci da fuska biyu, ta haƙura da kwallin aro.