Gwajin Tururuwa a Gaban Alƙali Zubairu

An ce wai an yi wani alƙali a ƙasar Katagum, Malam Zubairu, mai sanyin magana da zafin lura. Wata rana da hantsi wata mai jego, Tabawa, ta durƙusa gabansa tana kuka, ta ce surukarta, Inna Dije, ta ƙwace mata jariri kwana tara ke nan.

Asalin rigimar kuwa, an haifi yaron zuciyarsa na bugawa a hankali. Likita ta ce garkuwar jinin uwar, wadda Allah Ya yi don kare ta daga cuta, ita ta ratsa mabiyiya ta taɓa zuciyar ɗan tun yana ciki, kuma sai an sa masa wata 'yar na'ura mai daidaita bugun zuciya. Inna Dije dai kalmar "jinin uwa" kaɗai ta tsinta. Ta sa aka tatsi nonon Tabawa a ludayi, aka jefa tururuwa, tururuwa ta mutu. Shi ke nan, wai nono mai dafi ne! Ta koma ba yaron madarar akuya, asibiti kuwa ta ce ko da wasa.

Alƙali ya ji tausayin Tabawa ƙwarai, amma ya san tsohuwa ba mugunta take yi ba, son jika ne ya rufe mata ido. Ya sa aka kirawo Inna Dije da jaririn, ta faɗi nata, bai musa mata ba. Ya tambaye ta ko ta yarda da shaidar tururuwa, ta ce tun kaka da kakanni ba ta taɓa ƙarya ba.

"To, Inna, madarar akuyar nan fa, an gwada ta?"

Tsohuwa ta ce ba a gwada ba. Aka kawo madarar a ludayi, ita da hannunta ta jefa tururuwa uku. Suka yi ta fafutuka, suka mutu murus. Aka gwada da ruwan randa, haka. Zaure ya kaure da dariya, har magatakarda sai da ya rufe baki.

Alƙali ya tsawatar, ya ce, "Inna, shaidarki ta kama akuya, ta kama randa. Tururuwa nitsewa take, ba ta san dafi ba. Abin da ya sami yaron nan ya same shi kafin ya ɗanɗani nono, uwarsa kuwa ba ta zaɓa ba, ba ta ma sani ba. Likita ta ce nononta lafiya lau. Miƙa mata ɗanta, ku kama hanyar asibiti yau."

Inna Dije ta kwance goyo, tana cewa, "Yafe mini, 'yar nan." Tabawa ta rungume ɗanta, farin ciki kamar ya kashe ta. Aka sa na'ura, yaro ya rayu, ya yi ƙiriniyar da ta ishi unguwa.

Shi ya sa masu hikima ke cewa, kafin ka hukunta mutum da ma'auni, fara auna ma'aunin.